Bitar shafin Atlas na Dave Leip: yadda na bi sawun ƙuri'un gundumar Elliott

A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na shekarar 2012, Barack Obama ya samu ƙuri'a 1,186 a wata ƙaramar gunduma mai suna Elliott da ke gabashin jihar Kentucky, shi kuwa Mitt Romney ya samu 1,126, wato ƙuri'a 60 kacal ce ta raba su. Bayan shekara huɗu, a wannan gundumar dai, Donald Trump ya tashi da ƙuri'a 2,000, Hillary Clinton ta tsira da 740. Waɗannan alƙaluma ne suka sa na shafe makonni ina shiga shafin intanet da ake kira Dave Leip's Atlas of U.S. Presidential Elections, domin ina son in gane ko mutanen Elliott dare ɗaya suka juya wa jam'iyyar kakanninsu, wato Democrat ta su Obama da Clinton, baya, ko kuwa abin ya daɗe yana ci a ƙarƙashin ƙasa ba a lura ba. Na rubuta wannan bita ne saboda malamai da ɗalibai da 'yan jarida da duk mai bibiyar siyasar Amurka, waɗanda ke neman wurin da za su samu sakamakon zaɓe dalla-dalla ba tare da dogaro da jita-jita ba.

Wanda ya kafa shafin, David Leip, injiniyan lantarki ne daga jihar Massachusetts, kuma ya fara tattara sakamakon zaɓe ne don sha'awa bayan zaɓen 1992, kafin aikin ya bunƙasa ya zama rumbun da masu bincike da kafofin watsa labarai ke komawa gare shi. Shafin yana ɗauke da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa tun daga 1789, da na gwamnoni da na sanatoci na shekarun baya-bayan nan, kuma alƙaluman daga hukumomin da ke da alhakin bayyana sakamako ake tattaro su. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai karatu daga yankinmu, domin Amurka ba ta da hukuma guda da ke gudanar da zaɓe a faɗin ƙasa kamar yadda muka saba gani. Jihohi ne ke da ikon shirya zaɓe, a mafi yawansu kuma gundumomi ne ke ƙidaya ƙuri'u, ga shi gundumomin nan da makamantansu sun haura 3,100. Gunduma a can ta fi kusa da abin da muke kira ƙaramar hukuma, sai dai girmansu ya sha bamban ƙwarai, domin akwai mai mutum kusan miliyan goma kamar Los Angeles, akwai kuma irin Elliott wadda mutanenta ba su kai 8,000 ba. Tattara sakamakon waɗannan wurare duka a ƙarƙashin rufi ɗaya, zaɓe bayan zaɓe, shi ne ainihin hidimar da shafin ke yi, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Abu na farko da ya kamata sabon shiga ya sani shi ne launin taswirorin. Tun daga zaɓen 2000, wanda George W. Bush ya lashe bayan taƙaddamar Florida da aka kammala da ratar ƙuri'a 537, gidajen talabijin na Amurka suka tsaya a kan ja ga jam'iyyar Republican da shuɗi ga Democrat. Shafin Atlas ya riga wannan al'ada kafuwa, saboda haka shi ja ne ga Democrat, shuɗi ga Republican, kuma bai sauya ba har yau. A ganina ba laifi ba ne mutum ya riƙe tsarin da ya fara da shi, musamman da yake a ƙasashe da dama ja launin masu ra'ayin kawo sauyi ne, amma wajibi ne wanda zai ɗauki taswirar ya nuna wa ɗalibai ko masu karatu ya fara da bayyana musu wannan bambanci, in ba haka ba za su karanta labarin a juye. Launin kuma yana ƙara duhu gwargwadon yawan kason da ɗan takara ya samu, ta yadda da kallo ɗaya za ka bambanta gundumar da aka ci da ƙyar da wadda aka yi wa cin kaca.

Yadda na yi aikin kuwa ba wani sirri a cikinsa. Bayan sallar isha'i nakan shimfiɗa tabarma, in buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka, in zaɓi shekara, in danna Kentucky, sannan in nemi Elliott a can arewa maso gabashin taswirar jihar mai gundumomi 120. A gefena akwai littafin rubutu da na ja wa layuka huɗu, ɗaya na shekara, ɗaya na kason Democrat, ɗaya na kason Republican, na ƙarshe kuma na ratar da ke tsakaninsu. Shafukan ba su da nauyi, ba sa cin data sosai, kuma sukan buɗe ko da sabis bai da ƙarfi, wanda babban alheri ne ga irinmu. Sai dai tsarin shafin na da ne, rubutun ƙanana ne, teburan kuma an yi su ne domin allon kwamfuta, saboda haka wanda ba shi da komai sai wayar hannu zai sha faɗaɗa allo da yatsu kafin ya dafe ƙaramar gunduma irin wannan. Komai kuma da Turanci yake, ko da yake mafi yawan abin da ke ciki sunaye ne da lambobi, waɗanda ba sa buƙatar zurfin harshe.

Gundumar Elliott an ƙirƙire ta ne a 1869, hedikwatarta ƙaramin gari ne mai suna Sandy Hook, kuma kusan duk mazaunanta fararen fata ne, mutanen karkara masu ƙaramin ƙarfi a yankin tsaunukan Appalachia. Daga zaɓen 1872 har zuwa na 2012, wato zaɓe 36 a jere, ba ta taɓa ba ɗan takarar Republican rinjaye ba. A 1972, lokacin da Richard Nixon ya lashe jihohi 49, Elliott ta tsaya tare da George McGovern. A 1984, da Ronald Reagan ya maimaita irin wannan nasara ta jihohi 49, ta tsaya tare da Walter Mondale. Ko bayan da jihar Kentucky kanta ta koma hannun Republican tun daga 2000, bayan ta zaɓi Bill Clinton sau biyu a 1992 da 1996, mutanen Elliott ba su motsa ba, har ma John Kerry ya samu kusan kashi 70 cikin ɗari a can a 2004, a shekarar da ya sha kaye a jihar da ƙasa baki ɗaya. Wanda ya tsaya a kan jerin waɗanda suka yi nasara kawai zai ɗauka cewa gundumar ta zauna daram har 2012, sannan guguwar Trump ta zo ta yi awon gaba da ita.

Layi na huɗu na littafina ne ya nuna mini cewa ba haka abin yake ba. A 2004 Kerry ya ba Bush ratar kusan maki 40, wato tazarar kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un. A 2008 Obama ya samu ƙuri'a 1,535, kimanin kashi 61, John McCain ya samu 902, kimanin kashi 36, sai ratar ta sauko zuwa maki 25. A 2012 ta koma maki biyu da rabi, Obama ya tsallake rijiya da baya da ƙuri'a 60 ɗin nan, bai ma kai rabin ƙuri'un da aka kaɗa ba. Saboda haka kafin Trump ya tsaya takara ma, jam'iyyar Democrat ta riga ta yi asarar kusan maki 38 cikin shekara takwas a wurin da ake ganin gidanta ne. Abin da ya faru a 2016, inda Trump ya samu kashi 70 Clinton ta samu kashi 26, ya fi duk na baya girma, amma ci gaba ne na tafiyar da aka riga aka fara. A 2020 Trump ya kai kashi 75, a 2024 kuma ya kai wajen kashi 80. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar Elliott ita ce 2008.

A nan ne na ga abin da ya fi burge ni a shafin, wato taswirori biyu da ba kasafai ake samun su a kafofin labarai ba. Ta farko, wadda aka rubuta wa Swing, tana nuna yadda ratar da ke tsakanin jam'iyyun biyu ta sauya daga zaɓen da ya gabata zuwa wanda kake dubawa. Ta biyu, wadda aka rubuta wa Trend, tana cire sauyin da aka samu a ƙasa baki ɗaya, ta bar maka abin da ya keɓanta da wurin kaɗai. Amfanin wannan yana fitowa fili idan aka duba 2008. A wannan shekara ƙasar ta karkata zuwa Democrat da kusan maki goma, domin Bush ya ci 2004 da ratar maki biyu da rabi, Obama kuma ya ci 2008 da ratar maki bakwai da 'yan kai. Amma Elliott ta karkata zuwa Republican da kusan maki 15 a daidai wannan lokaci, wanda ke nufin idan aka auna ta da sauran ƙasa, ta yi nisan maki 25 a zaɓe ɗaya tak. Idan ka buɗe taswirar juyin ta 2008 za ka ga ba ita kaɗai ba ce, domin wani dogon zirin gundumomi ya taso daga Oklahoma da Arkansas, ya ratsa Tennessee da gabashin Kentucky, ya shiga West Virginia har kudu maso yammacin Pennsylvania, duk suna tafiya saɓanin inda ƙasar ta nufa. Na daɗe ina kallon wannan ziri a allon kwamfuta, domin a taswirar wanda ya ci da wanda ya faɗi ba a ganinsa ko kaɗan.

Washegari na kai littafin wurin aiki na nuna wa wani dattijon abokin aikina da ya girme ni nesa ba kusa ba, wanda ya daɗe yana sauraron labaran duniya a rediyo. Ya gyara tabarau, ya bi layukan da yatsa daga 2004 har 2024, sannan ya ɗago ya ce, "To Malam, me ya same su? Ruwa ai ba ya tsami banza." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ita ce tambayar da shafin ba ya amsawa." Gaskiyar ke nan, kuma ita ce iyakar hidimar da ya kamata mai shiga ya sani tun farko. Atlas yana ba ka lambobi da taswirori ne tsantsa, ba ya yi maka sharhin dalilai, kuma ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba, domin rumbun da ya fara ɗora nasa ra'ayin a kan alƙaluma yakan rasa amincewar ɓangare ɗaya. Amma wanda ke neman dalilai sai ya haɗa da karatun tarihi.

Abin da tarihi ya nuna shi ne, a yankunan karkara irin wannan jam'iyya gado ce da ake karɓa daga iyaye tun zamanin da ya biyo bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kuma shirye-shiryen Shugaba Franklin Roosevelt na shekarun 1930, waɗanda suka kai ayyukan yi da fansho da wutar lantarki ƙauyuka, sun ƙara ɗaure wannan gado. Ƙungiyoyin ƙwadago, musamman na masu haƙar kwal a gabashin Kentucky da West Virginia, sun riƙe mutane a cikin jam'iyyar tsawon shekaru. Daga baya ginshiƙan suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Noman taba, wanda ƙananan manoman Kentucky suka dogara da shi, ya ja baya, kuma a 2004 gwamnatin tarayya ta kawo ƙarshen tsarin ƙayyade noma da tallafin farashi da ya riƙe su tun zamanin Roosevelt. Ayyukan kwal sun ragu matuƙa a yankin, ƙungiyoyin ƙwadago suka raunana tare da su. A gefe guda kuma jam'iyyar Democrat ta ƙara zama ta manyan birane da masu digirin jami'a, matsayinta a kan zubar da ciki da mallakar bindiga da dokokin muhalli ya yi nisa da na mutanen karkara masu riƙo da addini. A watan Maris na 2016 Hillary Clinton ta yi wata magana da ta nuna cewa manufofinta za su raba masu haƙar kwal da kamfanoninsu da aiki, kuma duk da cewa a cikin bayanin yadda za a tallafa musu ta faɗe ta, maganar ta bi ta har ranar zaɓe a duk faɗin Appalachia. Akwai masu ganin launin fatar Obama ya taka rawa a juyin 2008, kuma ba na jin mai adalci zai kore wannan gaba ɗaya, sai dai Elliott ta zaɓe shi har sau biyu, kuma juyi mafi girma ya zo ne bayan ya bar takara.

Wani abin da ya ƙara wa shafin daraja a idona shi ne, da yake yana ɗauke da zaɓen gwamna da na sanata, mutum zai iya gwada ko gunduma ta sauya sheƙa ne gaba ɗaya ko kuwa a kujerar shugaban ƙasa kaɗai. A 2019, shekara uku bayan Elliott ta ba Trump kashi 70, ta zaɓi Andy Beshear na Democrat a matsayin gwamna, wato abin da 'yan siyasarmu ke kira wake da shinkafa, saɓanin zaɓen sak. Shi kuwa Sanata Mitch McConnell, wanda ya fara lashe kujerarsa tun 1984, sai a 2020 ya samu cin gundumar a karon farko. Wannan ya nuna mini cewa sauyin daga sama yake farawa ya gangaro ƙasa sannu a hankali, kuma mutane sukan riƙe ɗan takarar da suka sani a gida bayan sun daɗe da rabuwa da jam'iyyarsa a matakin tarayya.

Da na gama da Elliott sai na buɗe sabon shafi a littafin domin gundumar Starr ta jihar Texas, wadda ke bakin iyakar Meziko, kuma fiye da kashi 95 na mutanenta 'yan asalin Latin Amurka ne. Kafin 2024, rabon da ta zaɓi ɗan Republican tun Benjamin Harrison a 1892. Obama ya samu kashi 86 a can a 2012, Clinton ta samu 79 a 2016, Joe Biden ya sauko zuwa 52 a 2020, sannan a 2024 Trump ya ci gundumar da kusan kashi 58. Mutane daban, harshe daban, sana'o'i daban, amma siffar layin iri ɗaya ce da ta Elliott, domin tun kafin zaɓen faɗuwar asirin ya fara tonuwa. Akwai kuma masu tafiya ta ɗaya ɓangaren, kamar gundumar Orange ta Kalifoniya, mai arziki da yawan masu ilimin jami'a, wadda ta kasance ta Republican tun bayan 1936 har sai da Clinton ta ci ta a 2016, a shekarar da Elliott ta kuɓuce mata. Gundumomin da ake yi wa kallon zakaran gwajin dafi ma sun daina aiki, domin Vigo ta Indiana, wadda ta zaɓi wanda ya yi nasara a kowane zaɓe daga 1956 zuwa 2016, ta kuskure a 2020, ita ma Clallam ta jihar Washington da ta riƙe irin wannan tarihi tun 1980 ta kuskure a 2024.

Game da kuɗi, babban ɓangaren shafin kyauta ne, kuma duk abin da na lissafa na shekarun baya-bayan nan ana iya bin sa ba tare da biyan ko sisi ba. Cikakken bayanin gundumomi na tsofaffin zaɓuɓɓuka an keɓe shi ga waɗanda suka yi rajistar biya, haka kuma ana sayar da teburan alƙaluma da za a iya saukewa a yi lissafi da su a kwamfuta. Ga mai sha'awa ko ɗan jaridar da ke son tabbatar da lamba kafin ya faɗe ta a rediyo, ɓangaren kyauta ya wadatar. Ga ɗalibin digiri na biyu ko na uku da zai kwatanta ɗaruruwan gundumomi, kwafe lambobi da hannu kamar yadda na yi ba zai yiwu ba, kuma a nan ina ganin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu idan ya sayi teburan, ko da yake biyan da dala ne, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai samun naira ko sefa. Ya kamata kuma mai bincike ya tuna cewa iyakokin wasu gundumomi sun sauya cikin shekaru, cewa Louisiana da Alaska ba sa amfani da sunan gunduma irin na sauran jihohi, kuma cewa gunduma ba ta da kujera a kwalejin masu zaɓe mai ƙuri'a 538, wato wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa, saboda haka juyin Elliott bai ƙara wa Trump komai a kan ƙuri'u takwas na Kentucky da dama Republican ke samu ba.

Tun da na fara wannan aiki nake tunanin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, da irin abin da za mu gani da a ce akwai wuri guda da mutum zai danna ƙaramar hukumarsa ya ga yadda ta kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2023, da taswirar da ke nuna inda aka karkata da inda aka tsaya. Dattijon abokin aikina ya roƙi in bar masa littafin ya kwana da shi, washegari ya dawo mini da shi ya ƙara layi na biyar da jan biro, inda ya rubuta jimillar ƙuri'un da aka kaɗa a kowace shekara. Da na duba sai na ga a 2012 mutum kusan 2,400 ne suka fito zaɓe a Elliott, a 2016 kuwa sun haura 2,800, wato ban da waɗanda suka sauya ra'ayi, akwai wasu ɗaruruwa da suka fito waɗanda a baya suna gida. Wannan adadi yana nan a shafin Atlas tun farko, a ƙasan sunayen 'yan takara, kuma yanzu na ƙara wannan layi a shafin Starr da na Orange ma.